Ƙyallen Wanda Bai Tsufa Ba

Bargon farko da Burulkan ta fizgo daga saman adaka sai da ya taho da matasan kai biyu. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta fizgo na biyu ta yar, ta fizgo na uku. Tarin shimfiɗun nan da matar ɗanta ta jera har kusa da rufi don baƙi su gani su yaba, duk ya zube a tsakar ɗaki. Jiya aka sallamo ta daga asibiti, an cire mata yana a idon hagu, bandejin na nan manne. Likita ya ce kada ta sunkuya, kada ta ɗaga abu mai nauyi. To, likita ba shi ne ya dawo gida ya tarar an taɓa masa kaya ba.

"Kelin!"

Haka kowace uwar miji ke kiran matar ɗanta, sai dai kiran Burulkan har tumakin garke ɗaga kai suke yi. Meerim ta shigo da ƙullun burodi a hannu, ta ga yadda ɗakin ya koma, ta toge a bakin ƙofa.

"Ina kurak ɗina?"

"Wanne, Apa?" Haka ake kiran uwa a nan, da duk wata dattijuwa.

"Wanne? Bargon faci guda nawa kika taɓa gani ina ɗinkawa? Wanda na bari a ƙasan tarin nan, naɗe cikin farin zane, allurata ma tana soke a bakinsa."

Meerim ta shiga goge hannu a jikin riga, ta goge ta sake gogewa. Ta ce wata mata ce ta zo da mota lokacin da Apa ke kwance a asibiti, tana bi gida-gida tana karɓar tsofaffin kayan faci, tana ba da sabbin barguna. Biyu ta ba su, ga su can a lungu, masu laushi, ba nauyi.

Burulkan ta bi yatsan da idonta guda. Na saman da hoton damisa a jikinsa, ta wangale baki.

"Ni na ce miki ina sha'awar kwana a ƙarƙashin damisa?"

"Apa, asu ya fara cinsa. Kuma yara tsoronsa suke ji. Ƙaramar ba ta yarda ta shigo ɗakin nan ita kaɗai, wai bargon matattu ne."

"Matattun nan su suka haifi ubanta."

Hayaniyar ce ta jawo Kubat, babban ɗanta, daga garke. Ya tsaya a bayan matarsa da takalman roba duk taki, ya dubi uwar, ya dubi kayan da ke ƙasa.

"Haba Apa. Tsumma ne fa. Bari ranar kasuwa in sayo miki yadi kala-kala, ki zauna ki yi ta ɗinkinki."

"Tsumma," ta maimaita a hankali, wanda ya fi ihunta muni. "Ubanka yana cikin tsumman nan, Kubat. Kakarka tana ciki. Ungozomar da ta yanke maka cibi tana ciki. An ba da su, an ba ka damisa."

"Ni ban ma san an bayar ba."

"Yaushe ka taɓa sanin abin da ake yi a gidanka?"

Sai da ta matsa wa Meerim ta faɗi inda matar ta ce shagonta yake: a garin Kochkor, kusa da tashar mota, inda ake sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido dardumar gashin tumaki. Kubat ya ce ta bari gobe ya kai ta, yau akwai tunkiya mai naƙuda. Burulkan ta ɗaura ɗankwali ta zura takalmi. Cikin sunayen da ta lissafa masa akwai ɗaya da ta tsallake, kuma saboda wannan ɗayan ne ba za ta jira gobe ba.

A bakin titi ta tare wata tsohuwar motar haya. Direban, wani mai haƙorin zinare, ya leƙo ya ga bandejin.

"Apa, da wa aka yi damben?"

"Wanda za a yi da shi yana gaba. Buɗe mini ƙofa."

"To Allah ya jiƙansa tun yanzu."

Matan da ke baya suka matsa mata, ɗaya da bokitin cuku a cinya. Motar ta yi tari, ta sake tari, sannan ta yarda ta tashi.

"Kai ne ke tarin nan ko motar?"

"Mu biyun ne, Apa. Tare muka tsufa."

Aka yi dariya, ban da ita. Ta mayar da fuskarta wajen taga, tana kallon tsaunuka da farar ƙanƙara a kansu, ba don tana ganinsu ba.

Duk wanda ya tashi a tsaunukan nan ya san jirtish. Idan tsoho ya cika kwanakinsa, ya ga jikoki da tattaɓa-kunne sannan ya tafi, sai a kawo yadi a yayyaga da hannu, a raba wa matan da suka zo gaisuwa. Kowace ta koma gida da ƙyallenta kamar faɗin tafin hannu biyu, ta ɗebi rabonta na tsawon kwanan mamacin. Wasu su jefa a adaka su manta. Wasu marasa kunya har tukunya suke saukewa da shi. Burulkan kuwa tun tana amarya take haɗa nata. Ba don sayarwa ba, ba don kayan ɗakin wata ba, babu ma wanda ya sa ta. In sanyi ya rufe hanya, an gama tatsa an gama wanke-wanke, sai ta zauna jikin murhu ta ɗinke wanda ya mutu bana a jikin wanda ya mutu bara. Kuma ba haka kawai take jona su ba. Miji da mata tana sa su kusa. Wanda ya cuci wani yana raye, a ƙarƙashin ƙafarsa take sa shi. Ita kaɗai ta san wannan shari'ar, ita ce alƙali, kuma ba a taɓa ɗaukaka mata ƙara ba.

Sai autanta Meder ya tafi Rasha aikin gini, ya faɗo daga bene. A cikin akwatin kwano liƙaƙƙe aka dawo da shi, ko fuskarsa ba a bari ta gani ba. Shekararsa ashirin da shida. Ta ce a yaga masa yadi kamar kowa. Dattawa suka ce ba a yi wa yaro. Me zai raba wa mutane, gajeren kwana? Wace mace ce za ta kai wannan ɗakinta? Ta zage su tas a gaban jama'a, amma ba a yaga ba. Tufafinsa kuma aka ce a raba wa waɗanda suka yi hidimar binne shi, kamar yadda aka saba. Kafin a fitar da su ta shiga ɗaki ta yagi bayan wata rigarsa, shuɗiya mai gida-gida, wadda yake sawa in zai tafi kiwo. Ta ɗinke ƙyallen a cikin tsofaffi, ta bar fili a gefensa. Da uban ya rasu daga baya, a filin nan ta sa shi. Babu wanda ya taɓa tambayarta na wane ne shuɗin, ita ma ba ta faɗa ba. Duk abin da ya rage mata na Meder a duniya ke nan.

Shagon bai yi wuyar samu ba, dardumomi ja da baƙi suna rataye a katangarsa. Ciki fes, sai ƙamshin sabulu, an jera kaya kamar a kantin magani. Ba ta kai tsakiyar ɗakin ba ta hango su. A kan kantar shagon, rigunan matashin kai guda uku, an yi musu baki da baƙin karammiski, har da zif. A jikin na saman, ja mai furanni manne da mai ruwan ƙwai: uwar maƙeri ce da maƙwabciyarta Sairakan, waɗanda suka mutu ba sa ga-maciji saboda wata akuya. Da gangan ta jona su, su shirya ko su ci gaba. Ga ɗinkin hannunta nan, ƙanana-ƙanana. Ga kuma inda almakashi ya bi ta tsakiyar Sairakan ya raba ta biyu.

Ta dafa kantar.

"Sannu da zuwa, Apa. Na tsaraba ake so ko na gida?"

Mai shagon ce, Damira, wata doguwa da tabarau rataye a wuya, waya a hannu.

"Wa ya yanka?"

"Na'am?"

"Kurma ce ke? Na ce wa ya sa almakashi a jikin kayana?"

Damira ta dubi rigunan matashin, ta dubi tsohuwar, ta ajiye wayar. Da gani ba yau ta fara irin wannan baƙuwar ba.

"Zauna tukuna, Apa, a kawo shayi."

"Ban zo shan shayin ɓarayi ba."

"A'a, kada mu fara da wannan. Ba ta taga muka shiga ba. Matar ɗanki ce ta miƙo da hannunta, ita ta zaɓi bargunan, har godiya ta yi. Kin san irinsa nawa na gani an shimfiɗa wa kare, ko an toshe ɓular garke da shi? Mu aƙalla wankewa muke yi mu gyara, kuma mata da yawa a nan suke samun abin ciyar da 'ya'yansu. Aikin hannunki yanzu zai shiga ƙasashen da ko a mafarki ba ki je ba."

"Wa ya gaya miki Sairakan tana son zuwa Jamus? Matar da ko Bishkek, babban birninmu, ta ƙi zuwa tana raye, har ɗanta ya yi fushi?"

Dariya ta so ta kufce wa Damira, ta ga fuskar da ke gabanta, ta haɗiye.

"Ina sauran?"

"Sun tafi, Apa. Bas-bas na baƙi sun tsaya makon jiya."

"Akwai wani kore mai ratsin fari."

"Ban riƙe su ɗaya bayan ɗaya ba."

Wato mijinta ya tafi. Mutumin da bai taɓa yarda ya kwana nesa da dawakinsa ba, yanzu wani ƙato a wata uwa duniya zai jingina baya da shi yana kallon talabijin. Nan fa bakin Burulkan ya buɗe. Ta ce sai ta kai ta kotun dattawa. Ta ce Allah ya sa ranar mutuwar Damira a yaga yadi a rasa macen da za ta miƙa hannu. Ta ambaci uwar Damira da ba ta taɓa gani ba, ta ambaci kakarta. Wata baƙuwa mai jar fata da ke duba huluna ta ajiye hular a hankali ta sulale waje.

Damira ta bari har ta kai aya, sannan ta sauko da rigunan uku ta ɗora mata a hannu.

"Ɗauki. Abin da ya rage ke nan. Ko kotun dattawan kika kai ni, iyakar abin da za su ce in ba ki ke nan. Da na san jirtish ne..."

"Da kin sani me? Ke ba 'yar ƙasar nan ba ce? Ba ki juya bayansa kin ga bakin kowane ƙyalle yagagge ba?"

Damira ta sa tabarau, ta cire. Ta sani mana. Duk macen da ta juya bayan kurak ɗin nan sai ta sani.

Burulkan ta juya rigunan gaba da baya, ta zuge zif ta leƙa ciki, ta kai su jikin taga ta kanga wa idonta mai gani. Babu shuɗi. Da ta sake magana, muryar ta sauka ƙasa.

"Akwai wani shuɗi mai gida-gida. Tsohon yadi ne, ya koɗe. Shi ma ya hau bas ɗin?"

"Irin waɗannan ba ma sawa, baƙi ba sa saye. Mai ɗinkinmu cire su take yi." Damira ta ɗan yi tunani. "Begimai. Ta ma roƙe ni ragowar ƙyallayen na bar mata. A gida take aiki yanzu, jego take yi. Bayan kasuwar dabbobi, gidan da ke da famfo a ƙofa. Amma Apa, don Allah, in faɗa ya rage ki ƙarasa shi a kaina. Yarinyar nan ta sha wuya."

"Kowa ya sha."

Ta ratsa ta kasuwar dabbobi. Ba ranar cin kasuwa ba ce, sai kashin dawaki da iska mai yankan kunne. Tana tafe tana jera maganganun da za ta zuba wa mai almakashin, wannan a gaba, wannan na biye, mafi zafin ta ajiye shi ƙarshe. In ta tarar an share keken ɗinki da rigar Meder, ko an jefa ta a murhu, to yau garin nan zai san ta zo.

Wadda ta buɗe ƙofar siririya ce, idanunta sun faɗa, ta naɗe ƙugu da gyalen ulu irin na masu jego.

"Ke ce Begimai mai almakashi?"

Matar ta dubi rigunan matashin da ke rungume a ƙirjin tsohuwar. Maimakon ta tsorata, sai fuskarta ta washe.

"Ke ce mai kurak ɗin? Wayyo Apa! Shigo, shigo, Allah ne ya kawo ki!"

Ba haka Burulkan ta shirya ba. Kafin ta tuna maganar farko, an kama hannunta an ja ta ciki. Ɗaki guda ne, keken ɗinki a jikin taga, murhu yana ci, gadon jariri na katako mai lilo a gefensa, an lulluɓe shi da mayafi. Begimai ta miƙo faranti da burodi. Burulkan ta gutsiri kaɗan a tsaye, don ba a shiga gidan mutane a ƙi taɓa burodi ko da faɗa aka zo.

"Ina ragowar ƙyallayena?"

"Ga su nan, Apa. Zo ki gani." Ta yi ƙasa da murya, ta ɗaga mayafin gadon.

Jariri ne a naɗe, fuskarsa ba ta fi dunƙulen hannu ba, yana barci da baki a buɗe. An rufa masa ɗan ƙaramin bargon faci. Burulkan ta gane su duka a kallo ɗaya: waɗanda baƙi ba sa saye, koɗaɗɗu da marasa ado, talakawan kurak ɗinta. A tsakiyarsu kuwa, daidai ƙirjin yaron, yana ɗagawa yana sauka da numfashinsa, ga shuɗin nan mai gida-gida.

"Biyu na binne, Apa," in ji Begimai, tana raɗa. "Mace da namiji. Babu wanda ya kai kwana arba'in. Wannan saura masa kaɗan. Uwar mijina ta ce a nemo jirtish a rufa masa, amma mu baƙi ne a garin nan, daga kudu muka zo, wa ya san mu bare a kira mu makoki? Sai ga naki ya faɗo hannuna. Da na juya bayansa na ga bakin ƙyallayen, sai na zauna na yi ta kuka. Tsofaffi masu yawa haka, a wuri guda! Na yanka, Apa, ba zan ce ban yanka ba, aikin da aka ba ni ke nan. Amma ina yi ina neman gafararsu."

"Shuɗin nan fa?" in ji Burulkan.

"Ai shi ne babbansu. Sauran duk sabon yadi ne aka yaga. Shi kaɗai aka sa a jiki, taɓa ki ji laushinsa. Na ce wannan tufar mamacin ce da kanta, kuma kin san sai wanda ya kai ɗari ake yaga tufar jikinsa. Shi ya sa na sa masa a ƙirji. Tun ranar da na rufa masa yake barci. Ni ma na fara yi."

Burulkan ba ta taɓa haɗiye magana ba tun da take. Ta faɗa wa miji, ta faɗa wa dattawa, ta faɗa wa likitan da ya riƙe wuƙa a kan idonta. Wannan ma tana bakinta, gajeriya, a shirye: ashirin da shida. In ta faɗa, za a cire mata ƙyallenta yanzu-yanzu a miƙa mata da hannu biyu, kuma hakkinta ne, ba roƙo ta zo ba. Amma yarinyar nan ba za ta sake barci ba. Duk tarin da yaron zai yi, duk zazzaɓin haƙori, za ta tuna abin da ta ɗora masa a ƙirji da hannunta. In kuwa ta yi shiru ta bar shi, to ta bar gajeren kwana a kan ɗan mutane. Ta zagi dattawa a ranar, amma ba ta taɓa cewa ƙarya suka yi ba. Shi ya sa tsawon shekarun nan ko jika ɗaya ba ta taɓa rufa wa kurak ɗin ba.

Ta sunkuya ta kama bakin bargon, ta murza ɗinkin tsakanin yatsu. Fushin nan da ta ɗauko tun daga gida ya samu inda zai sauka.

"Wa ya koya miki ɗinki?"

"Na'am, Apa?"

"Keke! Da keke kika haɗa jirtish, kamar buhun dankali? Ɗauke shi ki riƙe. Ba ni bargon nan. Ba ni allura da ƙaramin almakashi."

Begimai ta kwance yaron ta rungume shi. Burulkan ta zauna a ƙasa jikin taga, ta karkatar da kai don idon mai gani ya samu haske, ta fara warware ɗinkin da ke kewaye da shuɗin, zare bayan zare.

"Apa, wannan kike cirewa? Don Allah ki ɗauki kowanne, ki bar mini wannan."

"Wannan na gidana ne. Ba ya kwana a waje."

"Zan biya ki da aiki. Zan yi miki ɗinki har..."

"Na ce miki ba ya kwana a waje."

Ƙyallen ya fita. Ta riƙe shi a tafin hannu, ba nauyi ko kaɗan, ɗumin jaririn yana jikinsa. Ta cusa shi cikin rigarta ta wuya, can inda ba mai kai hannu. A tsakiyar bargon kuwa sai rami, ana hango shimfiɗar ƙasa ta cikinsa. Begimai ta kalli ramin, hawaye suka zubo mata, ba ta yi ƙara ba don kada yaron ya farka. Rami a ƙirjin bargon jaririn da bai yi arba'in ba, ba sai an fassara wa uwa ba.

"Yi mini shiru. Na ce miki na gama ne?"

Burulkan ta miƙe ƙafa, ta jawo bakin doguwar rigar da ke jikinta, mai ruwan toka da ƙananan furanni, wadda ta sha wanki har ta yi laushi. Ta kafa haƙori ta tsaga bakin, sannan ta sa hannu biyu ta yage. Ƙarar ta cika ɗakin. Yaron ya motsa, ya koma.

"Apa! Ba a yaga wa mai rai!"

"Wa ya ce? Dattawa? Ni da su mun daɗe ba ma shiri."

"Sai ka ce kina kiran mutuwa..."

"Ba ta zuwa don an kira ta, ba ta fasawa don an yi shiru. Na gwada duka biyun. Sa mini zare, idon nan guda ba ya ganin kafar allura."

Begimai ta sa zaren da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da kan yaron. Burulkan ta daidaita ƙyallenta a ramin, ta lanƙwasa bakinsa, ta fara ɗinki, ƙanana-ƙanana, tana yi tana magana ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Na binne miji. Na ga tattaɓa-kunne. Haƙoran da na yaga rigar nan da su nawa ne, ba na likita ba. Waɗannan da kika jera masa duk sun gama nasu kwanakin, abin da suke da shi ke nan. Nawa ƙaruwa yake yi kullum. Me kike so kuma?"

Begimai ta ja hanci.

Ɗinkin ya ɗauki lokaci. Sau biyu allura tana sukanta, ta tsotse yatsan ta ci gaba. Idon da ke ƙarƙashin bandeji ya fara zugi, ba ta kula shi ba. Da ta kai ƙarshe ta ƙulle zaren, ta datse shi da haƙori, ta shafa wurin da bayan hannu. Aka mayar da yaron gadonsa, ita da kanta ta rufa masa, ta gyara yadda furannin za su zauna a kan ƙirjin.

"Sauran fa, Apa? Su ma za ki tafi da su?"

Burulkan ta dube su, talakawanta, ɗaya bayan ɗaya.

"Su zauna. Wannan mai ruwan ƙasa ungozoma ce, ta san aikinta. Amma ki warware ɗinkin keken nan ki sake da hannu, kada ki kunyata ni."

Ta tattara rigunan matashinta uku ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Begimai ta rako ta har jikin famfon, tana ta godiya, tana ta roƙon ta dawo ranar arba'in. Burulkan ta ce in tana raye, in kuma an samu motar da ba ta tari. Har ta yi taku kaɗan, sai muryar ta biyo ta.

"Apa, mai shuɗin nan... ya kai ɗarin kuwa?"

Burulkan ta tsaya, hannunta dafe da ƙirji. Ba ta juyo ba.

"Ya kai," ta ce. "Gemunsa har nan. Jikokinsa ne suke ɗora shi a kan doki."

"Allah ya ba ɗana irin kwanan..."

"Kul! Kada ki roƙa masa na kowa. Ki roƙa masa nasa. Koma ciki, iska za ta kama ki."

Ta ji an rufe ƙofa. Ta kama hanyar tasha, bakin rigarta yagagge yana dukan ƙafarta. Har ta ratsa kasuwar dabbobi tana ganinsa, Meder, tsoho tukuf a kan doki cikin shuɗiyar riga, yana mita wai yaran zamani ba su iya ɗaure sirdi ba. Ba ta yi sauri ba.